Ranar da Muka Riƙe Labule a Filin Jirgin Tamale

Na ga abubuwa da yawa a rayuwata, wasu na manta, wasu ma da gangan na watsar da su, amma akwai wani yini guda da na yi a filin jirgin saman Tamale wanda ba zai fita daga raina ba har a sa ni a ƙasa. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma 'ya'yansu na nan muna haɗuwa a biki da suna. In kun bi ni zuwa ƙarshe ma za ku ga dalilin da ya sa ba na wasa da suna a labarin nan.

A daminar da ta biyo bayan shekarar yunwa ne, cikin shekarun tamanin. Wanda bai ga wannan lokaci ba, ko an yi masa bayani ba zai gane ba. Fari ya ƙone gonaki, gobarar daji ta cinye abin da fari ya rage, kantuna suka zama fayau, sabulu da sukari sai wanda ya san wani. Mun yi ta fita roƙon ruwa har muryoyinmu suka dushe. To sai Allah ya dube mu, shekarar da ta biyo aka yi ta ruwa, masara ta yi kore shar daga Kukuo har inda ido ya tsaya.

Ni a lokacin ina cikin waɗanda ake cewa suna da hali. A unguwar Moshi Zongo aka haife ni, fataucin goro ne ya kawo mahaifina, ni kuma na tashi da man kaɗanya da gyaɗa, ina lodin motoci zuwa Kumasi. Ban taɓa jin kunyar a ce ina da shi ba, domin da gumina na samu. Kuma ina da baki, wannan kowa ya shaida. A shekarar nan na biya kujerar Makka. Sauran maniyyata sun bi mota zuwa Accra tun kwanaki, ni kuwa na ce ba za a girgiza mini ƙasusuwa a hanyar Kintampo ba, jirgi zan shiga in tarar da su. An ce mana washegari da safe jirgin alhazai zai tashi. Ke nan in jirgin Tamale bai zo ran nan ba, aikin hajjin bana ya wuce ni, sai in dawo unguwa in haɗa ido da matan da na riga na yi wa sallama har da rabon goro.

Tun muna Dungu, a hanyar filin jirgi, na ga gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Kafin direba ya gama sauke akwatunana iska ta taso, sannan ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Aka kai ni ɗakin da suke kira ɗakin manya, wanda ba wani abin kirki ba ne: kujerun kushin da suka ga jiya, tagogin gilashi masu kallon filin sauka, da rufin kwano mai ƙara. Wani ma'aikaci ya shigo yana tsiyayar ruwa ya ce jirginmu yana can Kumasi, yana jiran sama ta washe. In bai sauka kafin magariba ba, sai gobe, domin fitilun filin ba sa aiki. Na zauna ina hararar ruwan da bara na yi kuka ina roƙo.

Akwai wanda ya riga ni shiga, wani ɗan kwangila, Badagombe, wato ɗan ƙabilar garin, cikin kwat da lakataye, takalminsa na ƙyalli. Shi ya gina rabin makarantun da ke kan hanyar Yendi, ko dai haka yake faɗa. Ya kasa zama, sai safa da marwa yake yana duba agogo. Da ya ga na zuba masa ido, ya tsaya ya ce da irin Hausarsu ta 'yan gari, “Madam, ka san gobe da safe ina gaban kwamiti? In ban zo ba za su ce na gudu. Za su kulle gida, su kwashe mota, har mata na za su kira shi.” Kwamitin binciken dukiya yake nufi, wanda a zamanin nan duk mai kuɗi ke tsoron ko a ambace shi. Na ce masa Allah ya kyauta, amma a raina na ce kowa da tasa, ni ma tawa ta ishe ni.

Ba a jima ba aka turo ƙofa, wasu maza suka shigo ɗauke da mutum a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, wata nas tana biye tana ɗaga robar ƙarin ruwa. Da suka ajiye shi a lungun ɗakin na leƙa. Na san shi, kamar yadda duk Tamale ta san shi. Babban dillalin shanu ne, Bafulatani, wanda in ya shiga kara sai ciniki ya tsaya a jira ta bakinsa. Wani bijimi ne ya matse shi da jikin mota ana lodi, likita ya ce jini na zuba a cikinsa, aikin kuma sai Accra, domin a lokacin ko zaren ɗinki wuya yake a asibitocinmu. Hanyar mota kuwa, da ramukanta da rashin mai, kafin a kai rabi an rasa shi. Matarsa na ɗakin jego. Mazan da suka kawo shi ba su da tikiti, ma'aikata suka mayar da su waje. Mutumin da ke da shanun da ba ya iya ƙirgawa, ga shi kwance leɓɓansa sun yi fari, rayuwarsa na rataye da jirgin da ke fake wa ruwa a Kumasi.

Bayansu wata tsohuwa ta shigo, siririya, doguwa, mayafinta baƙi ya jiƙe sharkaf, a kanta ƙwarya rufe da faifai. Tufafinta ba su nuna komai ba, amma 'yan kunnen zinaren da suka ja mata kunne ƙasa sun isa su sayi motata. Ba ta dubi gadon ba. Ta sauke ƙwaryar kusa da nas ta ce, “Ko mai jinya za ta ji yunwa.” Daga nan ta wuce can ƙarshen ɗakin, ta juya kujera ta fuskanci taga, ta ba mara lafiyar baya.

Ita ma na gane ta. Mahaifiyarsa ce, mai rugar da ke bayan Kukuo, wadda aka ce ko a shekarar yunwa garkenta bai girgiza ba. Na matsa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

“Inna, ba ɗanki ba ne wancan?” na tambaye ta.

“Ɗan gidansu ne,” ta ce.

“To rakiya kika zo?”

“Ni ban rako kowa ba. Ina da 'yar'uwa a Nima, can Accra, na daɗe ban gan ta ba.”

Na kuwa san matar nan ba ta taɓa ƙetare kogin Yapei ba, balle ta shiga jirgi. Nan na tuna cewa shi ne ɗanta na fari. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari. Mahaifiyata har ta rasu ba ta kama sunan yayanmu ba, sai dai ta ce “wancan”. Amma tamu ta cikin gari ta yi laushi, in ciwo ya zo ana ajiye ta gefe. Tasu ta ruga kuwa ba ta san ciwo ba. Tun da aka yaye shi goggonsa ta ɗauke shi ta raine shi, uwar ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar ya ci ko bai ci ba. Shi kansa Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa. Goggon da ta raine shi kuma ta rasu da daɗewa.

Aka yi azahar, ruwa bai da niyyar tsayawa. Ɗan kwangila ya fita ya yi wa ma'aikata faɗa ya dawo, ya sake fita ya sake dawowa, kamar su ne suka riƙe hadarin a aljihu. Ni kuma ina ta lissafin yadda zan shiga Moshi Zongo ba tare da an gan ni ba. Muna cikin haka na ji nas tana kiran mara lafiyar tana bubbuga masa kafaɗa. Na taso. Idanunsa sun yi rabin rufewa, hannunsa ya yi sanyi, numfashinsa sama-sama.

“Yana tafiya,” nas ta ce. “Ba na so ya yi barci. In ya yi barci yanzu, ban san ko zai tashi ba. Ku yi masa magana, ku kira shi.”

Ɗan kwangila ya durƙusa, bai ko kula da wandonsa ba, yana ta cewa, “Alhaji, Alhaji, ka buɗe ido, jirgi yana zuwa.” Ni na kira shi da laƙabin da ake masa a kara, na ce masa ga fatake sun zo daga Kumasi suna jiran farashi. Nas ta kira sunansa na yanka a kunnensa. Ko gira bai ɗaga ba. Nas ta ɗago ta ce mu duka baƙi ne a kunnensa, muryar da ya sani tun yana yaro ake so. Muka waiga gaba ɗaya muka dubi bayan tsohuwar.

Ni da ma a wuya nake. Na taka har inda take, na saki murya yadda nake yi wa 'yan lodi in sun yi mini wasa da kaya. Na ce mata wace irin zuciya ce wannan, ɗanta na mutuwa tana kallon ruwa. Na ce kunyar da za ta hana uwa kiran ɗanta a bakin kabari ba kunya ba ce, taurin kai ne. Na ce in ya cika a ɗakin nan, ta je ta faɗa wa shanunta cewa ta riƙe al'ada. Duk wannan a gaban namiji, a gaban nas, har da ma'aikacin da ya leƙo jin hayaniya. Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta ƙara miƙewa zaune kamar an dasa ta. Duk kalmar da na jefa mata ƙara ɗaure ta take yi a kujerar, ni kuwa ina ganin gaskiya nake faɗa.

Da numfashina ya ƙare, na faɗa kujerar da ke gefenta ina huci, na kai ido inda take kallo don in ga abin da ya fi ɗanta a tagar nan. Sai na gani. Hadari ya sa waje ya yi duhu, gilashin ya zama madubi, kuma daga daidai inda ta ajiye kujerarta ana ganin gadon gaba ɗaya, da fuskarsa, da ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ashe tun da ta shigo ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Na dubi hannuwanta, na ga ta warware bakin mayafinta zare-zare, har ya taru a cinyarta. Na dubi ƙirjinta, na ga in ya ja numfashi ta ja, in nasa ya tsaya nata ya tsaya. Jikina ya yi sanyi, kunya ta kama ni, na ji tausayinta fiye da na wanda ke kwance.

Amma ni ba mai zama da sanyin jiki ba ce. A kasuwa na koyi cewa in ciniki ya ƙi ta gaba, a zagaya masa ta baya. Na sunkuya daidai kunnenta na rage murya.

“Inna, ki yafe mini bakina. Idon wa kike ji?”

Ta ce, “Duk mai ido, 'yar nan.”

“In babu ido fa?”

“Akwai kunne.”

“Saurari kwanon nan,” na ce. “Ni da ke manne da ke da ƙyar nake jin ki.”

Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. A wajen irinta wannan ya isa.

Na janyo babban akwatina na buɗe. A sama akwai fararen zannuwa da manyan mayafai da na tanada don tsayuwar Arfa, sababbi fil, na turara su na naɗe, ko 'ya'yana ban bari sun taɓa ba. Na zaro su na ƙulla bakin wannan da na wancan. Na ce wa ɗan kwangila, “Yallaɓai, tashi ka kama nan, ka ɗaga sama, ka juya baya.”

“Ni, Madam?”

“Kai. Wannan kwangilar ba mai bincikenta.”

Ya kama. Ma'aikacin da ya leƙo kallo na ce ya shigo ya kama tsakiya, tunda ya ga farkon abin sai ya taya mu ƙarshensa. Nas ta rataye robar ruwan a ƙusa ta kama gefen da ke kusa da ita, ni na kama ɗaya ƙarshen. Muka zagaye lungun da gadon yake, muka ba shi baya, kowa hannu sama. Na ce duk wanda ya waiga, ni da shi ne. Haka muka tsaya, masu kuɗin Tamale da ma'aikatan gwamnati, mun zama turakun shanya.

Da farko ba abin da ya motsa. Hannuwana suka fara nauyi, na fara tunanin ko na ɓata kayan Arfata a banza. Can sai na ji jan takalmi a siminti, a hankali, ya wuce ta bayana. Zanen da ke hannuna ya ɗan motsa, ya koma daidai. Ta shiga.

Ruwa na ta dukan kwano, ba ma jin komai. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, na dai san kafaɗuna sun yi tsami. Kun san yadda ruwan damina kan yi, yana tsaka da zuba sai ya ja numfashi kafin ya dawo. To haka ya yi mana, ƙarar ta yanke ɗif, ɗakin ya yi tsit. A cikin wannan shirun muka ji ta. Sunansa ta kira, a hankali, tana ɗingisa shi kamar mai taka ƙafar da ta daɗe a ɗaure. Ba amsa. Ta sake kira, wannan karon da muryar da ake kiran wanda ya yi nisa a makiyaya.

Sai wata murya can ƙasa, a shaƙe, ta ce, “Na'am.” Sannan muryar ta ƙara cewa, “Inna?”

Ba Adda ya ce ba. Na ji hawaye na bin wuyana, ba hannun sharewa. Tsorona ɗaya, kada ta gane ruwa ya tona mata asiri ta fito a guje. Ɗan kwangila ne ya cece mu. Mutumin nan hawaye na zuba a kan kwat ɗinsa, amma ya buɗe baki ya shiga faɗa da Turanci da iyakar ƙarfinsa, yana zagin jirgi da masu jirgi da wanda ya ƙi gyara fitilun filin. Ma'aikaci ya gano dawar garin, ya shiga ba shi amsa shi ma da ƙarfi. Suka yi ta yi kamar za su daku, hannuwansu na sama riƙe da farin zane, har ruwa ya dawo ya karɓe su. Tun daga ran nan ban ƙara raina mai lakataye ba.

Nas ta nemi izini ta leƙa, ta fito tana gyaɗa kai. Ta raɗa mini cewa kansa na kan cinyar tsohuwar, idonsa a buɗe, tana ta yi masa magana da Fulatanci ba ta tsayawa. Daga baya na ji cewa labarin shanu take ba shi, wace ta haihu, wace ta ƙi ɗanta, wace ta karya shinge, in ya fara lumshe ido ta kira sunan ta tambaye shi abin da za a yi da saniyar. Nas ta ce in dai za ta riƙe shi a haka, akwai fata.

Da hannuwa suka gaza, muka nemi dabara. Ɗan kwangila ya kwance lakatayensa muka ɗaure gefe ɗaya a ƙarfen taga, na ciro ɗankwali muka ɗaure ɗayan a ƙusar kalanda. Sai a lokacin muka tuna ba wanda ya sa komai a cikinsa tun safe, kuma a filin jirgin ko biskit babu na sayarwa. Nas ta buɗe ƙwaryar nan, kindirmo ne mai kauri da dunƙulen fura. Kowa ya san wa aka kawo wa, amma likita ya hana a ba shi komai ta baki. Muka zauna a ƙasa muka dama, muka yi ta miƙa wa juna ludayi ɗaya. Ɗan kwangila ya ce tun da aka aiko masa da sammaci bai ci abin da ya zauna masa a ciki ba sai yau.

Bayan la'asar ruwa ya tsagaita, yamma ta fara buɗewa. Rana ta leƙo ja-ja-wur a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, muna kallonta tana sauka muna addu'a. Tana gab da faɗuwa muka ji ƙugin jirgi. Da ma'aikata suka zo ɗaukar gadon na yi gyaran murya sosai, na ɗan jira, sannan na kwance labulen. Tsohuwa ta riga ta zame ta koma kujerarta, ta fuskanci taga, kai ka ce ba ta taɓa motsawa ba. Sai dai carbinta na hannun ɗanta, ya damƙe shi tamau. A cikin jirgi ta nemi kujerar can baya ta zauna, ta ce wa mai hidima ita Nima za ta.

Na isa Accra na tarar jirgin alhazai bai ko zo ba, sai da muka ƙara fiye da mako a sansani sauro na cinmu. Duk tashin hankalina na banza ne. Ɗan kwangila kuwa a bakin filin jirgi muka rabu, ban ƙara ganinsa ba, sai dai na ji an ce ya fita daga binciken da gidansa amma ba da motocinsa ba. Zannuwana sun yi dauɗa a baki, ɗaya ma da ɗigon jini. Na wanke su, tabon bai fita duka ba, kuma da su na tsaya a Arfa. A can na roƙa wa mutumin nan rai, ban san ko yana duniya ba.

Da na dawo, bayan an gama zuwa yi mini barka, na ɗauki dabino da zamzam na ce wa direba ya kai ni rugar bayan Kukuo. Tun daga nesa na hango shi zaune a gindin ɗorawa, ya rame, sanda a gefensa, yana nuna wa makiyaya wani maraƙi. Tsohuwa na can gefe tana kaɗa nono, ta ba shi baya kamar kullum. Na je na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, yaya mai jiki?”

“An ce da sauƙi,” ta ce, ba ta ko ɗago ba.

An ce. Na danne dariyata da ƙyar. Ta karɓi zamzam ta sa mini albarka, ta cika mini ƙwarya da man shanu, amma maganar filin jirgi ba ta taso ba, ni ma ban tayar ba. Da zan tafi ya dogara sandarsa ya rako ni mota. Na tsokane shi na ce, “Alhaji, ashe an koma gidan jiya?” Ya yi murmushi ya ce an koma, ita Adda ce, shi kuma ɗan gidansu. Sai ya tsaya ya dafa motar.

“Hajiya, ran nan ina jin ku duka,” ya ce, “amma kamar daga ƙetaren kogi, kuma na gaji, ba na son juyowa. Sai na ji muryar da na sani tun ina yaro. Na ji ta tana kiran shanu, na ji ta tana kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa jin ta da sunana ba. Na ce bari in koma in gani ko da ni ake.”

Na ce to yanzu da ta daina fa, ba ya jin ciwo? Ya girgiza kai ya ce kiran da ya samu a yinin nan ya ishe shi har ya mutu.

Sun rayu shekaru bayan haka, ita ta riga shi, kuma ban ji an ce ta sake kiran sunan ba. Ni dai abin da yinin nan ya koya mini biyu ne a haɗe. Ban ƙara auna ƙaunar mutum da abin da bakinsa ke iya faɗa ba, domin na ga uwar da ta ba ɗanta baya don ta fi ganinsa da kyau. Kuma na gane cewa gaskiyar da na daka wa tsohuwar nan a gaban jama'a ba ta ɗaga ta daga kujera ba, zane ne ya ɗaga ta. Har yau bakina na nan yadda yake, ban ce na zama salihar baiwa ba. Amma in na ga mutum zuciyarsa na son yin abu idon mutane ya hana shi, ba na yi masa wa'azi. Ina neman abin da zan kare shi da shi, in juya baya, in riƙe har ya gama.